Unguwar Ma'aikatan Jirgin Ƙasa ta Swindon: Gidajen da Aka Ceto da Ginin da Aka Bari

A tsakiyar garin Swindon da ke kudancin Ingila, mil 77 yamma da Landan a kan layin dogon da ya nufi Bristol, akwai wata unguwa mai gidajen dutse kimanin 300, wadda kamfanin jirgin ƙasa na Great Western Railway ya sa aka gina wa ma'aikatansa tun daga 1842. Masana'antar da ta haifi wannan unguwa, inda aka shafe fiye da shekara 140 ana ƙera kawunan jirgi da taragai ana kuma gyara su, an rufe ta a 1986, amma gidajen suna nan tsaye da mutane a cikinsu, kuma masana tarihin gine-gine suna lissafa su cikin unguwannin ma'aikatan jirgin ƙasa mafi cika da suka rage a Birtaniya. Sai dai a tsakiyar layukan gidajen akwai wani katafaren gini da ake kira Cibiyar Makanikai, tsohon wurin karatu da taron ma'aikata, wanda yake a kulle tun shekarar da aka rufe masana'antar, an toshe tagoginsa, ruwan sama ya yi wa cikinsa ɓarna. Wannan bambanci tsakanin gidajen da aka ceto da ginin da aka bari yana lalacewa ba tsautsayi ba ne. Yana da dalilai da suka faro tun daga yadda aka kafa unguwar, kuma bin diddiginsu yana nuna abin da ke yanke hukunci a kan ginin da zai rayu bayan masana'anta ta mutu.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, Swindon ɗan ƙaramin garin kasuwa ne a kan tudu, mutanensa kimanin 2,500, ba shi da kwal ko tama ko wata sana'ar ƙira da za ta ja hankalin masu masana'antu. Abin da ya kawo masa aikin shi ne yanayin ƙasar da layin ya ratsa. Daga Landan zuwa Swindon, babban injiniyan kamfanin, Isambard Kingdom Brunel, ya shimfiɗa layin kusan babu hawa babu gangara, amma daga nan zuwa Bristol akwai hawa mai wuya, saboda haka sai an sauya kan jirgi a tsakani, a cire na gudu a sa mai ƙarfin ja. A daidai wurin ne kuma reshen da ya nufi Gloucester da Cheltenham ya rabu da babban layi, ga kuma wata hanyar ruwa da aka haƙa tun farkon ƙarnin, wadda kwale-kwale ke bi suna kawo kwal daga Somerset. Daniel Gooch, mai kula da kawunan jirgin kamfanin, wanda a lokacin shekarunsa 24 kacal, shi ne ya jera waɗannan dalilai a wasiƙar da ya aika wa Brunel a watan Satumba na 1840. Daraktoci suka amince a farkon 1841, aka buɗe ma'aikatar a Janairun 1843 da mutum sama da 400, kuma zuwa 1846 an wuce matakin gyara kawai, an soma ƙera kan jirgi sukutum a wurin.

Matsalar ita ce fili aka zaɓa, ba gari ba. Ma'aikatar tana cikin makiyaya ne a gindin tudu, kimanin mil guda daga tsohon garin, kuma maƙera da makanikan da suka san injin tururi babu su a yankin, sai an ɗauko su daga arewacin Ingila da Scotland da sauran wuraren da masana'antu suka riga suka kafu, alhali ba wanda zai taso da iyalinsa ya zo inda babu ɗakin kwana. Kamfanin kuwa a lokacin ba shi da rarar kuɗi, domin gina layin ya cinye fiye da ninki biyu na abin da aka ƙiyasta tun farko. Sai aka ɓullo da wata yarjejeniya da 'yan kwangilar gini na Landan, J. D. da C. Rigby, cewa za su gina tashar Swindon da gidajen ma'aikata da kuɗinsu, su mayar da abin da suka kashe daga kuɗin hayar gidajen, sannan a ba su ɗakunan sayar da abinci na tashar na tsawon shekara 99 a kan kwabo ɗaya a shekara, tare da alkawarin cewa jiragen fasinja za su riƙa tsayawa minti goma a Swindon domin matafiya su sauka su ci abinci. Wannan tsayuwar ta dole ta zame wa kamfanin ƙarfen ƙafa fiye da shekara 50, har sai da ya biya fam 100,000 a 1895 ya fanshi kansa. Abin lura a nan shi ne, gidajen da a yau ake kallo a matsayin kyautar kamfani ga ma'aikatansa, asalinsu wani sharaɗi ne a cikin cinikin da ribarsa take a ɗakin abinci, kuma ɗan kwangilar da hankalinsa ke kan tasha ba zai ƙara ko bulo ɗaya a gidan lebura fiye da yadda aka tilasta masa ba.

Ana ganin wannan a jikin gidajen kansu. Layin farko, na titin Bristol, wanda a lokacin fasinja ke hangensa daga cikin jirgi, shi ya fi samun ado: fuskar dutse mai kyau, ƙofofi bibbiyu a cikin lungu ɗaya, bututun hayaƙi da aka karkata su a kan rufi irin na gidajen manya na zamanin da. Da aka matsa zuwa layukan baya, kuɗi ya ja baya, aiki ya yi jinkiri, sai aka sauƙaƙa zanen. An raɗa wa titunan sunayen tashoshin layin, na ɓangaren yamma Bristol da Bath da Exeter da Taunton, na gabas kuma Landan da Oxford da Reading da Faringdon, aka bar fili mai faɗi a tsakiya da shaguna a kusurwoyinsa. A ciki kuwa ɗakunan ƙanana ne, wasu gidajen ɗaki biyu ne kawai, makewayi yana can ƙarshen ɗan tsakar gida na baya, kusa da lungun da ake bi a kwashe shara da toka. Tsarin ya kuma bi matsayin mutum a wurin aiki, domin gidajen da ke ƙarshen kowane layi sun fi girma, su ake ba shugabannin sassa, manajoji kuma suna da nasu gidajen masu lambu daban. Haya tana ɗaure da aiki, wanda aka sallama daga ma'aikata ya rasa gida a lokaci guda. Wanda ya san kwatas ɗin ma'aikatan reluwe a Zariya ko Kafanchan ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba, domin al'adar kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya ce Turawan mulkin mallaka suka zo da ita, sai dai a wajenmu sun ƙara mata rabuwar launin fata a kan rabuwar matsayi.

Gidaje 300 ba su taɓa isar ma'aikatar da ke bunƙasa ba. Iyalai suka riƙa ɗaukar 'yan haya a cikin hayarsu, har ya zama ba abin mamaki ba ne a tarar da mutum goma a gida mai ɗaki biyu. Ruwan sha mai tsabta ya yi ƙaranci, magudanan ƙazanta ba su da inganci, filin kuma mai riƙe ruwa ne, kuma a farkon shekarun 1850 annobar zazzaɓin taifus ta ɓarke a unguwar. Sai a 1864 sabon garin ya samu hukumarsa ta kula da tsabta da magudanan ruwa. Yunƙurin da kamfanin ya yi na rage cunkoso shi ne wani dogon bene na samari marasa aure, mai ƙananan ɗakuna sama da 100 da madafa ta tarayya, wanda mutane suka laƙaba wa suna Bariki. An soma shi a 1847, aka dakata saboda karayar tattalin arziki, aka kammala a tsakiyar shekarun 1850, amma samarin suka ƙi shi saboda tsauraran dokokinsa, suka gwammace matsatsi a gidajen iyalai. A 1861 aka mayar da shi masaukin iyalan maƙeran da aka kawo daga Wales domin sabon sashen murza ƙarfen dogo, daga 1869 ya zama cocin mabiya ɗariƙar Methodist har zuwa 1959, daga 1962 zuwa 1999 ya zama gidan tarihin jirgin ƙasa, bayan nan kuma ya koma cibiyar matasa. Ginin da ya gaza tun a aikinsa na farko yana nan lafiya lau, domin duk lokacin da wani ya fita an samu wani ya shiga.

Abin da ya mayar da wannan jerin gidaje gari, ba kamfanin ne ya yi shi kai tsaye ba. A 1847 harkar jiragen ƙasa ta faɗa cikin kariyar kuɗi a duk faɗin Birtaniya, aka rage ma'aikata da yawa a Swindon, aka rage wa sauran awannin aiki, har ta kai mutane ba sa iya biyan likita. A wannan shekara aka kafa Asusun Lafiya na ma'aikata: kowa ana cire masa ɗan wani abu daga ladansa gwargwadon samunsa, shi da iyalinsa su ga likita su karɓi magani ba tare da ƙarin biya ba, kamfani kuma ya ba likitan gida kyauta. Kwamitin da mambobi suka zaɓa daga cikinsu ne ke tafiyar da asusun, kuma a hannun waɗannan maƙera da kafintoci ya girma ya zama abin da ba a saba gani ba a garin ma'aikata. A 1871 suka mayar da wani ginin ajiye makamai na sojojin sa-kai ƙaramin asibiti, Gooch ya ba da gudummawar fam 1,000, ma'aikata suka tara nasu. Daga 1878 masu sana'ar sashen ƙera taragai suka soma sassaƙa ƙafafu da hannuwa na katako ga waɗanda inji ya raunata. A 1887 aka ɗauki likitan haƙori, sannan a farkon shekarun 1890 aka gina babban gini na jan bulo a titin Milton mai wuraren ninkaya da ɗakin shan magani da ɗakunan ganin likita, daga baya aka ƙara masa wuraren wankan zafi. Asusun ya yi aiki shekara ɗari cur da ɗoriya, har zuwa 1948 da hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ta karɓi aikin. Mutanen Swindon suna alfahari da cewa a wurinsu aka kwaikwayi tsarin na ƙasa. Gaskiyar ita ce ministan da ya kafa NHS, Aneurin Bevan, ɗan garin Tredegar ne a Wales, inda su ma suke da irin wannan asusu da ya sani tun yana matashi, amma hakan bai rage komai daga abin da ma'aikatan Swindon suka cim ma ba.

Cibiyar Makanikai ta ma riga asusun kafuwa. Ta faro ne daga wasu ma'aikata da suka haɗa littattafai suna ba juna aro a cikin ma'aikata, aka kafa ta a hukumance a 1844, Gooch ya zama shugabanta na farko. Da wurin ya yi musu kaɗan, sai aka kafa wani ƙaramin kamfani na inganta sabon garin, aka sayar da hannun jari, kamfanin jirgin ƙasa ya ba da filin da ke tsakiyar unguwar, aka aza harsashi a 1854 aka buɗe ginin a 1855, bisa zanen Edward Roberts. A cikinsa akwai ɗakin karatu da na jaridu, da babban zaure na lacca da wasan kwaikwayo, da wurin cin abinci, da wuraren wanka, a gefensa kuma kasuwa mai kusurwa takwas, domin kafin nan matan unguwar sai sun hau tudu zuwa tsohon gari kafin su yi cefane. A nan yara masu koyon sana'a suke zuwa darasin dare su koyi lissafi da zanen injuna, kuma a nan ake taron gari da na ƙungiyoyi. An rushe kasuwar aka faɗaɗa ginin a 1892 zuwa 1893, gobara ta ci zauren a 1930 aka sake gina shi. Hujja mafi ƙarfi a kan matsayin cibiyar ita ce, hukumar garin Swindon ba ta buɗe nata ɗakin karatu na jama'a ba sai a 1943, ke nan kusan shekara ɗari wannan cibiya ce ke riƙe da karatun garin. Ita ce kuma ta ƙirƙiro tafiyar hutu ta shekara-shekara, wadda ta soma a 1849 da mutum kimanin 500 zuwa Oxford, ta girma har a farkon ƙarni na 20 mutum sama da 20,000 ke barin garin a safiya ɗaya cikin jerin jirage zuwa bakin teku, su Weymouth da Weston-super-Mare, tikitin kyauta ga mambobi da iyalansu.

Bai kamata a ƙawata wannan tarihi fiye da kima ba. Makon hutun nan ba a biyan lada a cikinsa sai daga 1938, don haka iyalai da yawa sukan dawo su tarar da bashi. Shiga asusun lafiya sharaɗi ne na samun aiki, kuma kamfanin ya ci ribar lafiyayyun ma'aikata da ƙwararrun yaran sana'a alhali kaso mafi tsoka daga aljihun ma'aikatan ya fito. Ma'aikatar tana kewaye da doguwar katanga, dubban mutane suna shiga ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa a 1870 daga titin Bristol, jiniyar tururi ce ke tashin gari da asuba, wanda ya makara a yanke masa lada. Jiniyar tana da ƙara har wani basarake mai gidan gona a Lydiard, kusa da garin, ya kai kuka a farkon shekarun 1870 cewa tana hana shi barci, dubban ma'aikata suka sa hannu a takardar neman a bar musu ita, domin yawancinsu da ita suke sanin lokaci. Ga kuma illar da ba ta bayyana ba sai bayan shekaru: asbesto, wani ma'adini mai tare zafi, da aka riƙa lulluɓe tukunyar tururi da taragai da shi ya jawo wa tsofaffin ma'aikata da dama cutar dajin huhu, har ake kiranta cutar Swindon, kuma akwai lambun tunawa da su a wani wurin shaƙatawa na garin. Duk wanda zai yi maganar gadon wannan wuri dole ya haɗa da su.

Ta fuskar jiragen kansu, Swindon ta kai ƙololuwa tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, lokacin da ma'aikata suka kai kimanin 14,000 kuma filin masana'antar ya haura eka 300. Amma kamfanin bai cika damuwa da tarihinsa ba. Brunel ya gina layinsa da faɗin ƙafa bakwai da ɗan ɗori, saɓanin sauran layukan ƙasar, kuma da aka kawo ƙarshen wannan faffaɗan layi a watan Mayu na 1892, a Swindon aka tara kawunan jirgi da taragai na tsohon tsari, aka gyara masu gyaruwa aka farfasa sauran. An ajiye biyu daga cikin mashahuran kawunan jirgin, North Star da Lord of the Isles, amma a 1906 aka yanka su a kan cewa sun tare wuri, sannan a 1925 aka dawo ana harhaɗa kwaikwayon North Star da ɓurɓushin sassan da suka tsira. Wani kan jirgin kuma, City of Truro, wanda aka ƙera a 1903 kuma ake danganta masa gudun kusan mil 100 a awa a 1904, a gidan tarihin wani kamfani daban da ke York ya samu mafaka a 1931. Bayan gwamnati ta karɓi jiragen ƙasa a 1948, Swindon ce ta ƙera Evening Star a 1960, kan jirgi mai tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta yi wa kanta. Daga nan aiki ya yi ta raguwa. A 1985, shekarar da ake shirin bikin cikar kamfanin shekara 150, aka sanar da rufe masana'antar, ma'aikata suka janye hannunsu daga bikin, kuma ranar 26 ga Maris 1986 jiniyar ta yi busa ta ƙarshe.

Gidajen sun riga masana'antar fuskantar hatsari da shekara 20. Zuwa farkon shekarun 1960 sun tsufa, hayaƙi ya baƙanta su, yawancinsu ba su da ɗakin wanka, kuma lokaci ne da biranen Ingila ke rushe tsofaffin unguwannin ma'aikata ba ji ba gani suna gina dogayen benaye. An yi maganar rushe su, aka samu masu adawa, ciki har da mawaƙi John Betjeman wanda ya shahara da kare gine-ginen ƙarni na 19. A 1966 hukumar garin ta sayi unguwar daga hukumar jiragen ƙasa, daga 1969 zuwa kusan 1980 aka bi gidajen layi-layi ana gyarawa: aka wanke dutsen, aka cire tarkacen ɗakunan da aka liƙa a baya, aka sa madafa da ɗakin wanka na zamani, aka binne wayoyin lantarki. An sa gidajen cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, aka kuma ayyana unguwar yankin kariya a 1975. Gyaran bai rasa aibi ba, domin an share katangun ƙananan lambunan gaba aka mayar da su shimfiɗar ciyawa bai ɗaya, abin da ya ba titunan wani tsaf-tsaf da ba su taɓa yi ba a zamanin da maƙera ke zaune a ciki. Gida ɗaya ne, mai lamba 34 a titin Faringdon, aka bari da kayansa irin na wajejen 1900 domin masu ziyara. Duk da haka hukuncin da aka yanke daidai ne, kuma sirrinsa a fili yake: an samu mai gida guda ɗaya wanda ba riba yake nema ba, an kuma bar gidajen a kan aikinsu na asali, wato mazaunin masu ƙaramin ƙarfi da ke biyan haya, hayar kuma tana ɗaukar nauyin gyara.

Gine-ginen masana'antar sun bi wata hanya dabam. Rufewar 1986 ta yi ciwo, amma ba ta kashe garin ba, domin tun shekarun 1950 Swindon ta karɓi mutane da kamfanoni daga Landan, aka kafa masana'antar jikin mota, babbar hanyar M4 ta iso a 1971, daga baya kamfanin motoci na Honda ya zo. Wannan ne ya sa filin yake da daraja a idon masu zuba jari. Babban zauren harhaɗa kawunan jirgi, wanda rufinsa ya lulluɓe fiye da eka 11, an rushe shi jim kaɗan bayan rufewa, wurin ya koma gidaje. Tsofaffin zaurukan da doka ta kare kuwa sun samu masu shiga: hukumar adana kayan tarihi ta Ingila ta kawo ma'ajiyar takardunta da hotunanta tsohon ofishin injiniyoyi a 1994, a 1997 kamfanin McArthurGlen ya buɗe babbar kasuwar tufafi a cikin zaurukan tukunyar tururi da na injuna, a 2000 aka buɗe gidan tarihi na STEAM, a 2005 ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi ta gina hedkwatarta a filin. Akwai masu jin zafin ganin ana sayar da takalma a masana'antar da ta ƙera mashahurin kan jirgin nan King George V, kuma ban ga laifinsu ba, domin mai sayayya zai iya ratsa wurin daga farko har ƙarshe bai san me aka taɓa yi a ciki ba, duk da ƙugiyoyin ɗaga kaya da ke rataye a samansa. Amma rufin yana nan, ginshiƙan ƙarfe suna nan, kuma da ba a samu wanda zai biya kuɗin kula da su ba da sun bi sahun babban zauren.

A wannan ma'auni ne Cibiyar Makanikai ta faɗi. Tun 1960 aka haɗe ta da ƙungiyar walwalar ma'aikatan hukumar jiragen ƙasa, ɗakin karatunta ya rufe ba da jimawa ba, ta koma wurin shaƙatawa kawai, ikon mambobi a kanta ya tafi. Da masana'antar ta rufe sai aka ɗauke ta a matsayin kadarar hukuma da za a sayar, ta yi ta yawo daga hannun wannan ɗan kasuwa zuwa wancan, kowa da shirinsa na otal ko gidan rawa ko ɗakunan haya, babu wanda ya tabbata. Ginin yana mataki na biyu mai tauraro a jerin kariya, matakin da ƙalilan daga cikin gine-ginen da aka kare ke kaiwa, amma a nan ne gibin dokar yake. Dokar Ingila ta hana mai gini rushe shi ko sauya shi ba da izini ba, sai dai ba ta ɗora masa wajibin gyara shi kai tsaye. Abin da hukumar gari ke iya yi shi ne ta yi aikin gaggawa ta nemi mai ginin ya biya, ko ta ba shi wa'adin gyara, in ya ƙi ta karɓe ginin da ƙarfin doka, amma daga ranar da ta karɓa nauyin ya dawo kanta. Hukumar Swindon ta yi irin wannan aikin gaggawa a 2010 domin kada rufin ya rufta, kuma ginin ya daɗe a jerin gine-ginen tarihi da ke cikin hatsari na ƙasa, haka ma a jerin gidajen wasan kwaikwayo da ake fargabar rasawa.

Tushen matsalar lissafi ne mai sauƙi: kuɗin da gyaran zai ci ya zarce darajar da ginin zai yi a kasuwa bayan an gyara shi, kuma babu ɗan kasuwar da zai shiga irin wannan ciniki. Zaurukan masana'anta fili ne mai faɗi da za a iya yankawa a yi shaguna, gidaje kuma kullum akwai mai nemansu, amma ginin da aka tsara shi tun farko domin karatu da taro da wasan kwaikwayo bai taɓa zama na riba ba. Gudummawar mako-mako ta dubban ma'aikata ce ta riƙe shi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da masu gudummawar suka watse babu abin da ya maye gurbinsu. A ganina wannan shi ne babban rashin adalcin da ke cikin labarin Swindon, domin abin da kamfani da ɗan kwangila suka gina don amfanin kansu ya samu masu kula, abin da ya fi kowanne nuna hazaƙar ma'aikatan da kishin junansu shi ne aka bar wa ruwan sama da tattabaru.

Ba a zauna haka kawai ba. Wata ƙungiyar sa-kai da mazauna garin suka kafa a 1995 domin ceto cibiyar ta karɓi kula da tsohon asibitin ma'aikata, wanda yanzu zauren taron unguwa ne, ta kuma sake buɗe gidan nan mai lamba 34 bayan ya yi shekaru a rufe. Daga 2019 hukumar Historic England mai kula da gine-ginen tarihi da hukumar garin suka gudanar da shirin shekara biyar na farfaɗo da unguwar, aka gyara tituna da filin shaƙatawa, aka mayar da wani sashe na tsohuwar ma'aikatar taragai ofisoshi da ajujuwan jami'a, aka kuma sa hannu a gyaran ginin titin Milton, wanda wurin ninkaya da wanka ne na jama'a. Duk waɗannan ayyuka sun kewaye cibiyar ne ba su shiga cikinta ba, saboda sai an warware batun mallakarta kafin masu ba da tallafi su saki kuɗi mai yawa, kuma sai an nuna musu abin da za a riƙa yi a ciki da wanda zai biya kuɗin wuta da gyara bayan an buɗe. Amfanin da ya dace da fasalin ginin bai wuce wanda aka gina shi dominsa ba, wato koyar da sana'a da karatun manya da zauren taro da na wasa, a ƙarƙashin hukuma ko amintattun da ba riba suke nema ba, kamar yadda aka yi wa gidajen a 1966. Wannan mataki ne ba a ɗauka ba lokacin da aka sa ginin a kasuwa bayan rufe masana'antar, kuma kowane hunturu da ya wuce yana ƙara miliyoyin fam ɗin da gyaran zai ci.